Tsaron Kwamfuta: Mu Sayi Ƙunshi Guda Ko Mu Haɗa Ɗai-Ɗai?

Duk wanda aka taɓa saya wa kwamfuta, sabuwa dal ko ta hannu, ya san wannan saƙo. Bayan 'yan makonni da fara amfani da ita, sai wani jan akwati ya riƙa leƙowa daga gefen fuskarta, yana cewa wa'adin kariya ya ƙare, a biya kuɗi tun kafin ɓarayin intanet su shigo. Wasunmu kan rufe akwatin su ci gaba da abin da suke yi. Wasu kuma kan garzaya shagon mai gyara, ya loda musu manhajojin tsaro uku ko huɗu, su dawo gida da kwamfutar da ke tafiyar hawainiya. Kaɗan ne ke tsayawa su tambaya: mene ne ake son a sayar mana, kuma muna bukatarsa?

Wannan tambaya ta shafe ku ɗalibai kai tsaye. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, shi ya sa iyaye da dama ke fafutukar samar da laftof a gida domin yara su saba. A cikinta ake ajiye aikin makaranta da hotunan iyali, ta cikinta ake buɗe imel ɗin da aka yi rajistar jarrabawa da shi. Wani lokaci Baba ko Yaya kan ara su shiga asusun banki. Ranar da aka yi mata kutse, duk waɗannan ne a hannun ɓarawo.

Masu sayar da tsaro sun shimfiɗa mana hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a sayi ƙunshi guda daga kamfani ɗaya, wanda ya haɗa komai a ciki, irin su Norton 360 ko Bitdefender Total Security. Ta biyu ita ce mutum ya tsinci kayan aikinsa ɗai-ɗai, kowanne daga inda ya fi gamsuwa. Kafin mu auna su, bari mu fara sanin kayan da ake magana a kai.

Ayyukan tsaro guda biyar

Mu ɗauki kwamfuta kamar gida. Abu na farko da gida ke bukata shi ne mai gadi, wato antibairos. Aikinsa shi ne duba duk fayil ɗin da ya shigo, ya gwada shi da jerin sanannun miyagun manhajoji da ke hannunsa, sannan ya sa ido kan take-taken duk wata manhaja da ke aiki. Idan ya ga wata ta fara kulle fayil-fayil ko tana ɓuya a inda bai kamata ba, sai ya damƙe ta. Da yake kullum ana ƙirƙiro sababbin bairos, mai gadin nan yana bukatar a riƙa sabunta masa jerinsa ta intanet. Antibairos ɗin da ya shekara ba a sabunta shi ba, tamkar mai gadi ne da ke neman ɓarayin bara.

Na biyu ita ce katangar tsaro. Ita ke tantance wace hulɗa ce za ta shigo kwamfutar daga intanet, wacce kuma za a tare.

Na uku ita ce ma'ajiyar kalmomin sirri. Manhaja ce da ke ƙirƙirar wa kowane asusu kalmar sirri mai tsawo da wahalar cinka, ta adana su duka a kulle, mutum ya haddace guda ɗaya tak da ke buɗe ma'ajiyar.

Na huɗu shi ne VPN. Yana lulluɓe abin da ke wucewa tsakanin kwamfuta da intanet yadda masu amfani da Wi-Fi ɗaya da mu, a kafe ko wani wurin taruwar jama'a, ba za su ga inda muke shiga ba. Amma VPN ba ya kashe bairos, ba ya kuma hana mutum rubuta kalmar sirrinsa a shafin bogi.

Na biyar shi ne rumbu, wato ajiye kwafin muhimman fayil-fayil a wani wuri dabam da kwamfutar. Shi ne ake yawan mantawa da shi, alhali shi ke ceton mutum ranar da sauran huɗun suka gaza.

Yadda aka kai ga ƙunshi

A farko aikin ɗaya ne. A shekarar 1986 wasu 'yan'uwa biyu masu shagon kwamfuta a birnin Lahore na Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta bairos ɗin da aka sa wa suna Brain. Ta faifan ajiya na wancan zamani yake yaɗuwa, daga hannu zuwa hannu, har ma sun rubuta adireshinsu da lambar wayarsu a cikinsa. Manhajojin tsaro na farko ba su da wani aiki da ya wuce farautar irin wannan.

Da intanet ya shiga gidaje sai ƙofofi suka yawaita. A watan Mayun 2000 wani saƙon imel da ya fito daga ƙasar Filifin, mai ɗauke da abin da ya yi kama da wasiƙar soyayya, ya kama miliyoyin kwamfutoci cikin 'yan kwanaki. Duk wanda ya buɗe, sai saƙon ya aika kansa ga mutanen da ke cikin jerin adireshinsa. Daga nan kamfanonin antibairos suka riƙa ƙara kaya: mai tace imel, katanga, mai gargaɗi kan shafukan bogi, mai taƙaita abin da yara ke kallo, daga baya VPN da ma'ajiyar kalmomin sirri. Tarin waɗannan a manhaja ɗaya shi muke kira ƙunshi.

Alfanun ƙunshi

Babban abin da ƙunshi ke sayarwa shi ne sauƙi. Sau ɗaya ake ɗora shi, wuri ɗaya ake dubawa a ga ko komai lafiya, kuma duk sassansa tare suke sabuntuwa. Da yake kamfani ɗaya ne ya ƙera su, ba sa faɗa da juna. Yawancin ƙunshi kuma lasisi ɗaya kan ɗauki na'urori da yawa, ya haɗa laftof ɗin gida da wayoyin iyaye. A gidan da akwai ƙananan yara da ke taɓa kwamfuta, sashen da ke toshe shafukan da ba su dace ba da ƙayyade lokacin wasa yana da amfani ƙwarai. Idan matsala ta taso, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Inda ƙunshi ke da rauni

Na farko kuɗi. Ƙunshi haya ake yi, ba saye ba, duk shekara sai an biya. Galibi farashin shekarar farko mai rangwame ne, na sabuntawa ya fi shi tsada, kuma da yawa kan cire kuɗin da kansu daga katin banki idan ba a dakatar ba. Ga wanda ke samun kuɗinsa da naira alhali an yanka farashin da dala, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu nauyi. Laftof ɗin hannu mai RAM 4GB, irin wanda ya fi yawa a hannun ɗalibai, yana jin jiki idan aka ɗora masa manhaja mai sassa goma da ke aiki a ɓoye a kowane lokaci.

Na uku, ba kowane sashe na ƙunshi ne gwani ba. Kamfani na iya ƙwarewa a antibairos, amma VPN ɗinsa ya kasance an ƙayyade masa datar da zai ɗauka a rana, ko ma'ajiyar kalmomin sirrinsa ba ta kai ta waɗanda sana'arsu ke nan ba. Ranar da mutum ya so sauya kamfani kuma, sai ya yi ɗawainiyar kwashe kalmomin sirrinsa.

Na huɗu shi ne dogaro da hannu ɗaya. Manhajar tsaro tana da iko mai zurfi a cikin kwamfuta, don haka kuskurenta babba ne. A ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin CrowdStrike na Amurka ya aika da sabuntawa mai matsala ga abokan cinikinsa, kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5 suka tsaya cik, kamar yadda Microsoft ya ƙiyasta. An soke tashin jirage, aiki ya tsaya a wasu bankuna da asibitoci. Manhajar ta manyan ma'aikatu ce, ba ta gida ba, amma darasin ya shafi kowa. A shekarar dai, gwamnatin Amurka ta haramta sayar da manhajojin Kaspersky na Rasha a ƙasarta, masu amfani da su a can suka koma neman madadi.

Akwai kuma abin da kwalaye ba sa faɗa. Norton da Avast da AVG da Avira sunaye huɗu ne, amma tun 2022 duk suna ƙarƙashin kamfani ɗaya mai suna Gen Digital. Wanda ya bar ɗaya ya koma ɗaya, gida ɗaya ya sauya wa ɗaki.

Alfanu da wahalar ɗai-ɗai

Mai haɗa kayansa da kansa yana da 'yancin zaɓar gwani a kowane fanni, kuma da yawa daga cikin gwanayen kyauta ne. Bitwarden da KeePass, alal misali, ma'ajiyoyin kalmomin sirri ne da ake amfani da su ba tare da biyan ko sisi ba. Idan ɗaya daga cikin kayan ya lalace, sauran na nan, shi kaɗai za a sauya. Ga ɗalibi mai sha'awar kimiyyar kwamfuta, haɗa su ma karatu ne.

Sai dai kowace manhaja da aka ƙara sabuwar ƙofa ce da ke bukatar kulawa. A 2017 masu kutse suka cusa mugun abu a cikin CCleaner, wata sananniyar manhajar share shara daga kwamfuta, mutane fiye da miliyan 2 suka sauke gurɓataccen kwafin daga hanyar kamfanin ta halas. A 2022 kuma aka kutsa cikin LastPass, kamfanin da sana'arsa ita ce adana kalmomin sirri, aka kwashe kwafin ma'ajiyoyin abokan cinikinsa, ko da yake a kulle suke. Waɗanda kalmarsu ta buɗe ma'ajiya gajera ce su suka fi shiga haɗari.

Kyauta ma tana da nata farashin. A watan Fabrairun 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Amurka, FTC, ta ci kamfanin Avast tarar dala miliyan 16.5 bisa zargin sayar da bayanan shafukan da masu amfani da manhajarsa ke ziyarta. Kafin mu ɗora duk wata manhajar kyauta, ya kamata mu tambayi kanmu da me masu ita ke cin abinci.

Ba a sarki biyu a gari ɗaya

Kuskuren da ya fi yawa a shagunan gyara shi ne ɗora antibairos biyu ko uku masu gadi dare da rana, da tunanin yawansu ƙarin ƙarfi ne. Abin da ke faruwa shi ne kowanne na son ya riga ɗan'uwansa taɓa fayil, wani lokaci ɗaya ya ɗauki ɗaya a matsayin ɓarawo. Kwamfuta ta yi nauyi, ta riƙa sandarewa, tsaron kuma ya ragu.

Abin da ya halatta shi ne mai gadi ɗaya na dindindin, sai mataimaki da ake kira lokaci-lokaci ya zagaya ya tafi. Malwarebytes na kyauta haka yake aiki. Smadav, wadda aka ƙera a Indonesiya kuma ta yi suna a wurinmu wajen duba filashi, masu ita da kansu sun tsara ta ne a matsayin ƙari kan babban antibairos. Wanda ya dogara da ita kaɗai ya ɗora wa mataimaki aikin maigida.

Mai gadin da ya zo da gidan

Ga abin da jan akwatin nan ba zai gaya muku ba. Duk kwamfutar da ke da Windows 10 ko Windows 11 ta zo da antibairos nata, Microsoft Defender, da katangar tsaronta, ba a biyan komai a kansu. Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da ke gwada manhajojin tsaro, irin su AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus da AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya. AV-TEST kan ba da maki 6 a kan kariya, 6 a kan sauri, 6 a kan sauƙin amfani, jimla 18. A 'yan shekarun nan Defender na samun makin da ke kafaɗa da kafaɗa da na waɗanda ake saye da kuɗi. Sakamakon gwaje-gwajen a buɗe yake a shafukansu, kowa na iya dubawa.

Idan aka ɗora wani antibairos, Defender kan ja gefe ya ba shi wuri. Saboda haka idan na gwaji da ya zo da kwamfuta ya ƙare kuma ba za a biya ba, a cire shi gaba ɗaya, sannan a buɗe Windows Security a tabbatar Defender ya koma bakin aiki. Kada a yarda mai gyara ya ɗora antibairos ɗin da aka fasa makullinsa, wanda ake kira kirak. Wanda ya fasa shi yana iya cusa duk abin da ya ga dama a ciki, mu kuma mu miƙa masa makullan gida da hannunmu.

Darasin WannaCry

A ranar 12 ga Mayun 2017 wata manhaja mai garkuwa da fayil-fayil, WannaCry, ta bazu a duniya. Takan kulle duk abin da ke cikin kwamfuta, ta nemi kuɗin fansa dala 300. Ta shafi kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000. Abin takaicin shi ne tun watan Maris na shekarar, wata biyu kafin harin, Microsoft ya fitar da facin da ke toshe ɓarakar da ta bi. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta Windows ɗinsu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mun san dalilin da ya sa da yawanmu ke kashe Windows Update: yana shan data. Amma da kuɗin da za a biya na ƙunshi a shekara, gara a sayi datar sabuntawa. Masu tsofaffin kwamfutoci kuma su lura: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, ya kuma sanya 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum. Babu ƙunshin da zai iya ɗinke ɓarakar da mai ginin ya daina gyarawa.

Filashi da waya

Hanyar da bairos ya fi bi ya shigo kwamfutar ɗalibi ita ce filashin da aka kai shagon buga takardu. Sananne a cikinsu shi ne bairos ɗin shotkot: mutum ya dawo gida ya tarar foldodinsa sun koma gumaka masu ɗan kibiya a gefe. Fayil-fayil ɗin galibi suna nan, ɓoye su aka yi, kuma danna gunkin ne ke tayar da bairos ɗin. A fara sa antibairos ya duba filashin kafin a buɗe komai. Ya fi ma sauƙi a ware filashi ɗaya na zuwa shago, wanda ba a ajiye abu mai muhimmanci a cikinsa.

A waya kuma, Android ta zo da Google Play Protect. Haɗarin ya fi zuwa ne daga manhajojin da ake turawa ta Xender ko ake saukewa daga shafukan da ba a sani ba, irin su GBWhatsApp, wadda ba kamfanin WhatsApp ne ya yi ta ba, kuma tana iya ja a rufe wa mutum asusu.

Akwai kuma satar da babu manhajar da ke iya tarewa. Wani ya kira ya ce shi jami'i ne a guruf ɗin makaranta, za a yi taro, a karanto masa lambobi 6 da suka shigo yanzu. Wanda ya karanta, WhatsApp ɗinsa ya tafi, sai a fara roƙon kuɗi da sunansa. Maganin wannan shi ne kada a ba kowa lambar da ta shigo ta saƙo, a kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da imel da Facebook.

To, wanne za mu ɗauka?

Amsar ta dogara ne da wanda zai kula da kayan. Ga ɗalibi mai laftof ɗaya da Windows ɗin da ke sabuntuwa, shawararmu ita ce ya tsaya kan abin da ya zo da kwamfutar, wato Defender da katangarsa, ya ƙara ma'ajiyar kalmomin sirri guda, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ya kuma yi rumbu. Ƙa'idar rumbu da masana ke koyarwa ita ce 3-2-1: kwafi 3 na duk abu mai muhimmanci, a kan ma'ajiya iri 2, guda 1 a wani wuri dabam, kamar Google Drive. Duk wannan ba ya cin kuɗi sai na data da filashi.

Ga gidan da ke da na'urori da yawa, da ƙananan yara, kuma babu mai lokacin bin manhajoji ɗai-ɗai, ƙunshi zaɓi ne mai ma'ana, muddin daga shafin kamfanin ko amintaccen dila aka saya, aka duba sakamakon gwajinsa, aka kuma san nawa za a biya a shekara ta biyu.

A ɗakin kwamfuta na makaranta kuwa, abin da ya fi muhimmanci shi ne a samu malami ɗaya da alhakin ke wuyansa, a yi amfani da manhaja iri ɗaya a duk kwamfutocin, ɗalibai kuma su riƙa shiga da asusun da ba shi da ikon ɗora sabuwar manhaja.

Aikin wannan mako

Muna ba ƙungiyoyin kwamfuta na makarantu da duk mai laftof a gida aiki na minti 15. Ku buɗe Windows Security ku ga sunan antibairos ɗin da ke gadi, ku tabbatar ɗaya ne kuma wa'adinsa bai ƙare ba. Ku shiga Windows Update ku duba ranar da aka yi sabuntawa ta ƙarshe. Ku ƙirga asusu nawa kuke buɗewa da kalmar sirri iri ɗaya, ku fara sauya ta imel, domin ta cikinsa ake dawo da sauran. Daga ƙarshe ku kwafe aikin zangon nan zuwa wani wuri dabam kafin ku kashe kwamfutar. Idan kun gama naku, ku taya Umma da Baba duba wayoyinsu.